Turakun Maƙabartar Tungar Marke

A ranin da ya wuce wasu samari masu koyon aikin safiyo suka ɗauke ni a bayan babur zuwa bakin gulbin Gagare, nan bayan Ƙaura, wai in ga sabuwar na'urarsu ta leza. Suka kafa ta a kan ƙafa uku, ɗaya ya danna wani abu, ta shiga juyawa a hankali ita kaɗai. Kafin in gama gaisawa da wani mai ban ruwan albasa, sai ga gaɓar gulbin gaba ɗaya a fuskar kwamfutarsu, kowane tsagi da kowane rami, har da saiwar da ruwa ya tone. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni yana murmushi ya ce, "Baba, ai ku kun sha wahalar banza. Abin da kuke kwana da kwanaki kuna ja da sarƙa, ga shi nan kafin shayi ya huce."

Ban musa masa ba, domin na'urar ta burge ni. Tana ganin abin da sarƙata ta awo ba ta taɓa gani ba, musamman inda ruwa ya ci gaɓa ta ƙarƙashi ya bar saman a rataye. Mu a da sai mutum ya kwanta rubda ciki ya leƙa, wani na riƙe da ƙafarsa. Amma na tambaye su abu guda: idan kun dawo baɗi kun sake ɗauka, da me za ku haɗa hoton bana da na baɗi har ku san abin da gulbi ya ci? Suka nuna mini wasu turakun ƙarfe da suka kafa a bayan gaɓa. Na ce to, wa kuka bar wa su? Suka dubi juna. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Aikina na farko a bakin ruwa ba awo ba ne, dakon siminti ne. Maigidana wani dattijo Bayarabe ne da ya tsufa a aikin layin dogo, muna kiransa Baba Lebur, don ko tabarma zai shimfiɗa sai ya tsuguna ya duba ko ta karkace. Na daɗe a hannunsa kafin ya bar ni in sa ido a madubin tiyodolait, wato na'urar auna kusurwa. Kafin nan ni ne mai haƙa rami, mai kwaɓa siminti, mai zuba turke, wanda 'yan ofis ke kira bikon. Daga nan na hau jan sarƙa, sannan riƙon sanda mai lambobi. Sandar nan da kuke gani kamar wasa, a tsayar da ita cak cikin iska, rana na dukan ƙeya, mai madubi na can nesa yana ɗaga hannu, aiki ne da ke raba masu haƙuri da marasa shi. Da Hausarsa mai karyewa Baba Lebur yakan ce mini gulbi yana tafiya, ƙasa tana tafiya, idan turkenka ma ya tafi to kai da makaho ɗaya ne. Bai taɓa yarda a naɗe kaya ba sai an koma an rufe awo a kan wani abu na dabam da ba ya motsi, ko dutse, ko bakin rijiya, ko ginshiƙin gada.

Bayan na bar hannunsa na yi yawo. Na auna gaɓar Binuwai a wajen Yola da Garwa, inda na gyara Fillancina a bakin masunta da makiyaya. Na yi aiki da Faransawa a Gaya ta ƙetaren iyaka, mutanen da ba su yarda da turke ba sai sun zuba masa siminti kamar za su gina bene. Na ga Nilu a Sudan, inda manomi ke gaya maka da Larabci abin da kogi ya ɗauka daga kakansa da abin da ya mayar wa babansa, kamar yana ba da labarin wani maƙwabci mai wuyar hali. Manyan kogunan nan suna ci a hankali, kana gani. Namu na nan ba haka suke ba. Gagare da Bunsuru da rani yashi ne, jaki ma yana ƙetarewa bai jiƙa kofato ba. Da damina kuwa ruwa ɗaya zai sauko daga gabas ya yanke gona sukutum, washegari ya janye kamar ba shi ba.

Da aka ba mu jihar Zamfara na tattaro na dawo gida. Sabuwar jiha ce, komai ana farawa daga tushe. A rabon kayan aiki tsakaninmu da tsohuwar jiha wani tsohon tiyodolait ya faɗo mana ba tare da ƙafafunsa ba, sai wani kafinta a kasuwar Ƙaura ya sassaƙa mana wasu da icen maɗaci. Abokin aikina shi ne Isa Dogo, mutumin Kasuwar Daji, magidanci mai 'ya'ya, mai riƙon sanda da ban taɓa samun kamarsa ba, sai dai bakinsa ba ya rufuwa. Babur ɗaya gare mu. Shi ke tuƙi, ni ina baya rungume da akwatin na'ura, sanda da ƙafafu a ɗaure a gefe. Yawancin masu kiranmu rikicin iyakar fadama ne, ko ƙaramar hukuma na son sanin ko gulbi zai kai ga hanya.

Aikin Tungar Marke dabam yake. Ƙauye ne a bakin Bunsuru, tsakanin Zurmi da Shinkafi, kuma maƙabartarsu tana kan tudu daidai inda gulbin ya yi gwiwa. Duk mai aikinmu ya san bayan gwiwa nan ne ruwa ke ci. Lokacin an fara Shari'a, kowace magana sai an kai ta gaban malamai an nemi hujja. Garin ya rabu biyu. Wasu na cewa a tone kaburburan da ke kusa da gaɓa a mayar da su gaba tun ruwa bai kwashe ba. Wasu na cewa gulbi ya saba ci yana mayarwa tun zamanin kakanni, ba wanda zai taɓa musu iyaye. Limamin garin, dattijo ne mai magana a hankali, shi ya sa aka kira mu.

Ya ce mini, "Malam Safiyo, tone mamaci ba wasa ba ne. Ba ya halatta sai da larura, kuma larura ba a gina ta bisa ji-ta-ji-ta. Ni ido gare ni, kai awo gare ka. In ka hwaɗi gulbi na tahowa, mu tashe su. In ka hwaɗi ya tsaya, mu bar bayin Allah su kwanta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, yau ba ni da abin faɗi. Awo ɗaya ba ya nuna tafiya. Sai na auna bana, damina ta wuce, na dawo na sake aunawa."

Ya ce ya yarda, a jira.

Muka zuba turaku uku a jere a filin da ke tsakanin gaɓa da shingen ƙayar maƙabarta, muka ja sarƙa daga kowanne zuwa bakin gaɓa. Sannan, kamar yadda aka koya mini, na ɗaure awonsu da wata alama da na sassaƙa da kurfi a bakin rijiyar siminti ta ƙofar masallaci. Da za mu tafi, Liman ya kira mai haƙan kaburburan garin, wani siririn mutum mai furfura da ake kira Mamman, ya damƙa masa turakun a gaban jama'a. Ya ce kayan hukuma ne, kuma maganar matattu ta rataya a kansu, amana ce a wuyansa. Mamman ya dafa ƙirji. Isa Dogo ya raɗa mini cewa kabarin mahaifiyar mutumin yana cikin layin farko ta wajen gulbi.

Da kaka ta wuce ruwa ya ƙafe muka dawo. Turakunmu na nan su uku, tsaf, an share gindinsu, har an kewaye kowanne da ƙaya don awaki. A duk yawona ban taɓa ganin turken da aka yi wa irin wannan gata ba. A wasu wuraren sai ka tarar an ɗaure jaki a jiki, ko an tumɓuke an yi murhu da shi. Jama'a suka taru a inuwa suna kallo. Muka ja sarƙa daga turke na farko zuwa gaɓa. Isa ya karanta lamba da ƙarfi, ya leƙo lissafin bara a hannuna, ya ce, "Daidai da bara!" Na biyu ma haka. Na uku ma haka, bambancin bai kai tafin hannu ba.

Kafin in buɗe baki labari ya shiga gari. Wani tsoho ya ɗaga hannu yana hamdala. Wani ya juya ga 'yan a-tone yana cewa, "To, masu gaggawar haƙa, kun ji ko? Ƙarhen gwamnati ya yi magana!" Daga cikin gidaje har guɗa na ji.

Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Gulbi ba tela ba ne da zai yanka daidai. Ko a shekarar da bai ci ba, sai ka ga nan ya gutsura, can ya bari. A bayan gwiwa, bayan damina mai ruwa, wuri uku su fito kamar an kwafa, ban taɓa gani ba daga Binuwai har Nilu. Na ce wa Isa ya ɗauki sanda mu je rijiya.

Ya ce, "Haba Oga, ga fura can an dama muna. Mutane na murna, kai kana neman abin da ba ka ajiye ba."

Na ce, "Furar ba ta gudu. Ɗauki sanda."

Na kafa na'ura a kan alamar rijiya, na daidaita ta, na juya madubi zuwa kusurwar da turken tsakiya ya kamata ya kasance. Babu turke a cikin madubin. Yana can gefe. Na sake daidaitawa, na duba ƙafafun kafinta ko sun saki, na sake dubawa. Haka dai. Sai na ce wa Isa ya bar turken, ya bi hannuna, zan tsayar da shi a inda lissafin bara ya ce turken yake. Ya fara ja da baya yana kallona. Na kaɗa hannu, ya ƙara. Ya wuce turakun, ya ratsa filin, na ci gaba da kaɗawa. Hayaniyar mutane ta fara raguwa. Ya kai bakin gaɓa ya tsaya, ya waiga ƙasa, ya ɗaga murya.

"Oga, ƙasa ta ƙare! Ko tashi kake so in yi?"

Na ce ya sauka. Ya zagaya ta mashaya ya gangara cikin gulbin, ya yi ta tafiya a kan yashi har na ɗaga hannu biyu. Daga inda muke, kan sandar kawai ake hangowa. Nan ne turken tsakiya yake bara, a kan tudu, ana shuka wake kewaye da shi. Ba wanda ya bukaci in yi bayani. Tsohon da ya yi hamdala ya zauna a ƙasa.

Liman ya juya a hankali ya ce, "Ina Mamman?"

Mamman ya matso, ba alamar tsoro a fuskarsa, sai mamakin abin da ya sa aka yi tsit. Liman ya tambaye shi ko wani ya taɓa turakun.

Ya ce, "Ni na taɓa su, Allah gafarta Malam. Ranar babban ruwan nan gaɓa ta zube har ta kusa gindin na tsakiya. In bari gulbi ya tahi da amanar da anka ba ni gaban mutane? Ni da ƙannena munka tone shi da simintinsa, munka jawo shi baya. Da na ga ya fita sahu, sai na jawo sauran biyun, na ja igiya na daidaita su kamar sahun Idi."

Na ce, "To Baba Mamman, yaya aka yi nisan ya fito daidai da na bara?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce tun ranar da muka kafa su ya auna tsakanin kowanne da gaɓa da kara, irin yadda yake auna mamaci kafin ya haƙa masa kabari, ya ɗaure karan ya rataye a zaure. Da ruwa ya janye gaɓa ta daina zuba, sai ya sauko da su ya mayar da kowane turke daidai nisan da na bar shi da gulbi, don kada in zo in tarar an ɓata mini aiki.

Isa Dogo, da ya hauro yana kakkaɓe yashi, ya ce, "Wallahi Baba, da a ofishinmu kake da an ƙara maka girma. Ka fi mu iya awo, sai dai ka auna mu ka binne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka fara yi wa Mamman faɗa, har da waɗanda na tabbata sun ga lokacin da ake jan turakun ba su ga laifin abin ba. Mamman ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na san gulbi ya ci, ai gonar wakena ce ya ci. Amma na zaci ƙarhen naka shina gani da kansa. Na zaci turakun don ka san wurin tsayawa ne kawai."

Liman ya tsawata aka yi shiru. Ya ce mutumin da ya shiga ruwa don amana ba a zaginsa, kuskure ne na rashin sani, kuma Allah ya tona shi tun da sauran lokaci. Sannan ya juyo gare ni ya ce yanzu yana son magana ɗaya wadda zai iya tsayawa a kanta gaban Allah da gaban mutane.

A nan ne aikin yake, samari, ba a danna na'ura ba. Sai da muka sake auna gwiwar gaba ɗaya daga rijiya, muka fitar da inda gaɓa take bara da inda take yanzu. Na sauka na duba ƙasar da hannuna: sama laka, ƙasa rairayi mai saki, irin wanda ruwa ke zarewa ta ƙarƙashi har saman ya rufto. Na gaya wa Liman ba ni da ilimin gaibu, ban san irin ruwan da za a yi ba. Amma idan gulbi ya ci ko da kwatankwacin abin da ya ci a daminar da ta wuce, layukan farko ba za su ga wata kaka ba. Na ja layi da farar toka a cikin maƙabartar, na ƙara masa rata don tsaro, na ce abin da ke gaban layin nan ba na lamunce masa, abin da ke baya a bar shi mu ci gaba da aunawa. Ban ce a tashi maƙabarta duka ba. Mai awon da ya tsorata ya faɗaɗa layi ya sa aka tone wanda bai kamata ba, shi ma ya ci amana.

Liman ya shawarci malaman Zurmi, aka tabbatar larura ce. Dattawa ne kawai suka yi aikin, a cikin rani, an kewaye wurin da zana, da sabon likkafani, ba hayaniya. Ni ban shiga ba, ba hurumina ba ne. An gaya mini Mamman bai bar kowa ya sa fartanya a kabarin mahaifiyarsa ba, shi ya tone, shi ya haƙa sabon, a can gabas da garin inda ƙasa take da tsauri. Mu kuma muka zuba sababbin turaku uku ta wajen gaɓa, wannan karon har da wasu can nesa a bayan maƙabartar. Na zaunar da Mamman na zana masa a ƙasa yadda abin yake: turke mai gadi ne da aka ce ya tsaya wuri ɗaya, idan ya ja da baya duk lokacin da gulbi ya matso, ba zai taɓa iya faɗin inda gulbin ya kai ba. Faɗawarsa ruwa ma labari ne da nake bukata. Ya jinjina kai, amma na ga abin bai yi masa daɗi ba.

Daminar da ta biyo ita ce muguwar shekarar da har yau masu fadama ke ambato. Ruwa ya yi ta sauka ba hutawa, Gagare ya shiga gonakin bayan Ƙaura, hanyoyi suka yanke, dawa ta ruɓe a tsaye. Ofishinmu ya cika da masu kuka, wannan iyakarsa ta tafi, wancan rijiyarsa ta rufta. Ba hanyar zuwa Tungar Marke, ba kuma wanda ya fito daga can balle in tambaya. Abin da nake juyawa a raina kawai shi ne ratar da na ƙara wa layin nan, ko ta isa.

Da hanya ta buɗe muka hau babur, wani wurin mu tura, wani wurin mu ɗauke shi. Muka isa da hantsi, ban tsaya gaisuwa ba na wuce maƙabarta. Filin waken Mamman babu shi. Shingen ƙaya babu shi. Inda layukan farko suke, iska ce, ƙasa kuma yashi fari. Sabuwar gaɓa ta tsaya gab da layina, abin da ya rage tsakani bai fi a shimfiɗa tabarma ba. A bayansa kaburbura na kwance yadda aka bar su, ko ɗaya bai tafi ba. Isa Dogo ya cire hula ya share fuska. Liman ya iso da sandarsa, ya tsaya kusa da ni yana kallon ramin, ya ce, "Gulbi ya zo ɗauka, ya tarar da ɗakuna ba kowa. Alhamdu lillahi." Muka auna daga turakun baya, muka rufe a rijiya, komai ya zauna daidai. Na ja sabon layi don shekara mai zuwa.

Ku da lezarku za ku ga abin da ban gani ba, kuma ina taya ku murna. Amma ita ma daga turke take farawa, turke kuma a cikin mutane yake kwana. Kafin ku hau babur ku koma, ku nemi wanda zai zauna da shi, ku gaya masa abin da ake so da shi, ba ku ce ya kula kawai ba. Kuma ku rufe awonku a kan abin da ba a iya ɗauka.

Muna naɗe sarƙa a ranar sai ga Mamman ya taho daga sabuwar maƙabarta, fartanya a kafaɗa. Daga cikin turakun gaba guda uku, ɗaya ne ya rage, na can gefe, shi ma rabin simintinsa a waje yake, yana leƙen gulbi. Ya gaishe ni, ya nuna inda sauran biyun suke a da.

Ya ce, "Malam Safiyo, ina tsaye nan sunka tahi. Na farko da safe, na biyu bayan la'asar. Ina kallo gaɓa na tsagewa, igiya na hannuna, ƙannena na cewa mu jawo. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake yi."

Na ce, "Amma ba ka taɓa ba."

Ya ce, "Ban taɓa ba." Ya dubi wanda ya rage, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wanga ma in bar shi?"

Na ce, "Bar shi, Baba. Yana bakin aiki."